Kaza a Tsohon Murhu

Har gobe ban manta da ranar da aka zo duba aikina a Mairuwa ba. Lokacin ina yi wa wata ƙungiya aikin shiga gida-gida, ina koya wa mata girki da sabon murhun ƙarfe mai tsimin itace.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku gane, ƙungiya ba ta aiki da "wallahi muna ƙoƙari". Kowane aiki da ma'auninsa. Namu shi ne gida nawa ake girki da murhun, shaidar kuwa baƙin hayaƙi a jikinsa. In gidajen ba su kai rabi ba, a ɗauke shirin a kai garin Sabuwa, ni in koma ɗaki, matan da ke jiran nasu su rasa.

Mata sun ji labarin baƙuwa na tafe. Ashe tun hantsi kowace ta ɗauki toka da soso.

Jami'ar, Hajiya Binta, ta iso bayan azahar. Gidan farko, murhu fes kamar yau aka sauke shi daga mota. Na biyu haka. Na uku har da ƙyalle a kai.

Ta dube ni. "Malama Talatu, ko shayi an taɓa dafawa a nan?"

"Ranki ya daɗe, wanke shi suka yi."

"Ko'ina haka ake ce mini."

A gidan wata tsohuwa, Inna Kulu, Hajiya ta ce, "Inna, ina baƙin murhun nan?"

"Ke 'yar nan, a ce baƙuwa tun daga Katsina, in tare ta da ƙazanta?"

Hajiya ko murmushi. Ta juya za ta fita, sai na ji motsi a bayan rumbu, na waiga, ita ma ta waiga. Kaza ce kwance kan ƙwai tsakanin duwatsun tsohon murhu.

Hajiya ta daɗe tana kallo. "Inna, tun yaushe take nan?"

"Kwancinta na biyu ke nan. Tsakin farko ga su can suna kiwo."

Ta ce mu koma tun daga gidan farko, ta duba tsohon murhun kowane gida ko har yanzu ana hura masa wuta. Wani tsohon murhun an ɗora masa randa, wani kuma barkono ya tsiro a ciki. Inda ta taɓa toka da ɗumi kuwa, ba ta ɗaga mini ƙafa ba. Da ƙyar muka haura rabi.

Tun ranar na gane ma'auni ba ya sanin kunyar mutanenmu, sai mai aunawa ta tsaya ta duba. In kun shiga gida, ku bar abin da aka goge domin ku, ku zagaya bayan rumbu.