Kakakin Majalisa a Tsakar Gidanmu

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ban jin zai iya kwashe ranar da tsakar gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda ya zama majalisa. Ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina da ƙuruciyata, ga goyo a baya.

Mijina ɗan Hausawan Sudan ne, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Yayana kuwa shi ne babba cikin 'yan dakon da aka haifa nan Jidda. Bayan aikin hajjin wannan shekara rigima ta ɓarke tsakanin ɓangarorin biyu kan wa zai riƙa loda kayan alhazai a jirgi. Cacar baki ta koma dambe, har aka fasa wa wani kai. Kafilinsu, wato ubangidan da ya tsaya musu wajen hukuma, ya ce halas, abin ya ishe shi, in ba su sasanta ba zai sallame su duka. Mijina da mutanensa kuwa, in kafili ya sake su iƙama, takardar zaman ƙasa, ta tafi, sai kora. Yaya ya aiko in kwaso kayana in koma gida. Na rasa inda zan tsoma raina.

A lokacin akwai wani dattijon alhaji da muka ba ɗakin zaure, yana jiran jirginsu. Mutum ne marar yawan magana. Da na kai masa shayi ya ga idona ya kumbura, ya ce, "'Yata, lafiya?" Ban san sadda na zayyane masa komai ba.

Ya ce, "Ki ce ɓangarorin biyu su zo bayan la'asar. Na taɓa zama tsakanin masu hayaniyar da suka fi su baki."

Sai a ranar muka san ko wane ne. Da mutane suka cika tsakar gida, kowa ya haɗe rai, mu mata muna bayan labule, ya fara ba su labari. Ya ce sadda ya fara shiga majalisar ƙasarsu, Bature ne a kan kujerar kakaki. Da Turanci ake magana, sai tafinta ya juya maka, in ka ɗaga hannu sai ya ga dama ya dube ka. Da mulkin kai ya matso, Baturen ya sauka, ɗan ƙasa ya hau, mutane suka yi ta kukan murna. Daga baya kujerar ta zo kansa. Aka yafa masa baƙar alkyabbar Turawa da hular gashin doki, yana zufa kamar wanda aka dafa, har ya ce a bar shi da rawaninsa. Nan aka ɗan yi dariya, har Yaya.

"To yanzu fa, ya ammi?" in ji wani, yana kiransa baffa da Larabci.

"Sojoji sun rufe zauren," ya ce. "Amma zaure rufewa yake yi, ba ya mutuwa. Za a buɗe."

Yaya ya ce, "To Baba Alhaji, yanke mana hukunci kawai."

"Ni ba alƙali ba ne. Ana ce mini kakaki, amma na fi kowa yin shiru. Aikina in ga kowa ya faɗi tasa."

Ya ce duk mai magana shi zai fuskanta, ba abokin faɗansa ba, kuma waɗanda suka fi ƙaranci su za su fara. Mijina ya miƙe ya ce su baƙi ne, in aka kore su ba su da wajen zuwa. Yaya ya zabura zai katse shi, dattijon ya ɗaga hannu kawai. "Zauna, ɗana, naka na zuwa." Wallahi Yayan da ko babanmu yake shakkar tanka masa, sai ga shi ya zauna. Da nasa ya zo, ya ce kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, wannan dakon kaɗai suka bar mana gado.

Can sai dattijon ya waiwayo wajen labule. "Akwai wadda abin ya fi shafa, ba ta ce komai ba."

Na matso jikin labule. Ban taɓa magana gaban taron maza ba. Na ce, "Baba, ɗan da ke bayana, ubansa na wancan gefe, kawunsa na wannan. A gaya mini wanne zan raba shi da shi."

Wani tsohon ɗan dako ne ya fara cewa, me zai hana a riƙa karɓa-karɓa, jirgi ɗaya naku, ɗaya namu? Aka ja, aka ja, aka ɗaga hannuwa, masu goyon baya suka rinjaya. Kafin magariba Yaya ya miƙa wa mijina hannu ya ce, "Yalla, mu je masallaci."

Ba da daɗewa ba jirgin dattijon ya tashi, ɓangarorin biyu suka yi ta rububin ɗaukar masa akwati. Ban sake ganinsa ba. Shekaru da dama bayan haka na ji a rediyo an buɗe majalisar ƙasarsu, an zaɓi sabon kakaki. Na bar tukunya a wuta na zauna na yi masa addu'a.

Na aurar da 'ya'ya, na sasanta surukai da maƙwabta ba iyaka, kuma abin da na koya a ranar shi nake bi: yawancin masu faɗa ba hukunci suke nema ba, so suke a bar su su kai ƙarshen maganarsu.