Irin Gero a Cikin Tsumma

A ƙauyenmu da ke gefen Danja, in an kwaso masara daga gona, mu yara ne ke ɓare ta bayan an ci tuwo. Iya, mahaifiyar babanmu, ita ke hura wuta da totuwa a ƙofar ɗakinta, mu zagaye ta da kwanduna. Don kada hannu ya mutu sai ta ce, "To ga ta nan, ku buɗe kunne." Mu ce, "Ta zo, Iya, muna ji."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai wani manomi ne ya auri mace mai tsabta, wadda ko tsinke ba ta bari a tsakar gida. Shi kuwa ɗakinsa tarkace ne, fasassun tukwane, tsummokara, karyayyun ƙotoci. Rannan ya tafi cin kasuwa, ta shiga ta tattara komai ta kai juji ta cinna wuta. Ashe irin geron da ya gada tun kakanni yana ƙulle cikin wani tsumma. Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, su babu. Yunwa ta kore su daga garin.

"Kun ji ko," in ji Iya tana gyara wuta. "Matar kirki ba ta taɓa kayan mijinta, ko da a kan tabarmarta ya ajiye."

In ta zo nan ba mu take kallo ba. Inna, mahaifiyarmu, take kallo, tana can duƙe tana wanke-wanke. Baba yakan jibge buhun taki da igiyoyin shanu a ɗakin Inna, ta kwashe, ya yi faɗa. Daga baya ta daina kwashewa, ta daina magana. Ni a lokacin na ɗauka zaman lafiya ke nan.

Da na girma na buɗe shagon iri da maganin feshi a Funtua, na auri Rabi, 'yar Musawa. Ita komai nata da mazauninsa, har cokali. Ni kuwa inda na cire takalmi nan yake kwana, kuma ragowar kayan shago gida nake kawowa.

"Malam, waɗannan robobin a kai su shago mana," ta ce da ni ba sau ɗaya ba. "Ummi ta fara taɓe-taɓe."

Sai na ba ta tatsuniyar Iya ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Wata rana ta share wata takarda da na rubuta sunayen manoman da suka nemi iri, na yi mata faɗan da maƙwabta suka ji. Na ce kada hannunta ya ƙara hawa kan wani abu nawa.

Mako guda bayan nan na zuba ragowar maganin ciyawa a robar lemo, na tura ƙarƙashin kujera. Da la'asar Ummi, 'yarmu mai shekara uku, ta jawo ta kurɓa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Amma maƙogwaronta ya ƙone, ta yi watanni sai kunu, har yau muryarta a shaƙe take. A barandar asibiti Rabi ta ce da ni, ba ta ko ɗaga murya ba, "Na ga robar da safe ina shara. Na miƙa hannu, sai na tuna abin da ka ce."

Da aka sallame su ta wuce Musawa da yarinyar. Na je biko sau uku. A na ƙarshen mahaifinta ya ce in yi haƙuri.

Iya ta daɗe da rasuwa, ina kuma yi mata addu'a, don ta so mu. Amma cikin shekarun da na yi ina jin tatsuniyar nan, babu wanda ya taɓa tambayar me ya hana manomin gaya wa matarsa inda ya ajiye iri, ko ya sa shi a rumbu kamar kowa. Ni ma ban tambaya ba, domin labarin ya yi mini daɗi a yadda yake.

Yanzu ni nake share gidana. Ranar Juma'a nakan kira Musawa a ba Ummi waya, in manna ta a kunne sosai don in ji me take cewa.