Gidajen Dawce Da Suka Ɓace A Na'urar Cha'ibu

Cha'ibu Ma'u bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya yi gyaran rediyo a kasuwar Matameye, ya yi tallan fetur a Ɗan Barto, sannan ci-rani ya kai shi Kano, inda wani mai shago ya koya masa rubuta manhaja. Ko a gaban ordinatar, wato kwamfuta, a tsaye yake aiki.

A 2010, hatsi ya ƙare a rumbuna, sojoji na mulki. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi ya haɗa manhajar da za ta fitar da jerin gidajen da za a ba gero. Bai fara daga tushe ba. Ya jingina aikinsa da fayil biyu da wasu suka rubuta: na ubangidansa na Kano mai buga takarda, da na ƙungiyar daga Zinder. Kowannensu yana da sashe mai suna Gida, mai ƙirga gidaje.

Ranar rabon ƙauyen Dawce, Hajiya Fadima, mai kula da sito, ta duba jerin.

"Cha'ibu, gida sittin da uku babu. Ka cinye su ne?"

"Hajiya, na'ura ba ta ƙarya."

"To ni ce nake yi? Mota za ta tashi bayan azahar. Wanda ba ya takarda, ba shi da tiya ko ɗaya."

Ya zagaya tebur, ya fita, ya dawo. Can ya gano. A saman aikinsa sunan fayil ɗin Kano ya kira, don haka manhajar ta ɗauki Gida na Kano, wanda ba ya ƙirga gida sai da maigida a ciki. Mazan gidajen nan kuwa duk suna Najeriya neman abinci.

Ya cire fayil ɗin Kano gaba ɗaya. Manhajar ta ƙi tashi, don buga takarda a can yake. Ya mayar da shi, ya bi layi-layi yana rubuta cikakken suna: Gida na Zinder. Wuri goma sha bakwai. Ana kiran salla yana na tara.

Da takardar ta fito, mota ta riga ta tashi. Ya tare ɗan kabu-kabu mai babur, ya cim mata a bakin gari.

Direban ya ce, "Lodi ya cika, Malam."

Cha'ibu ya tsaya a gaban motar da takardar, har ta juya sito don ɗauko geron gidajen nan.