Tantin da Ya Kalli Teku

Floridor Aravena masunci ne a Pisagua, wani garin bakin teku, kuma tun yana saurayi yake rawa a bikin Budurwa Maryamu na La Tirana, wani ƙauye can cikin hamada. Bakance ya yi mata ranar da kwale-kwalensu ya kife ya tsira da rai: muddin yana numfashi, duk watan Yuli zai hau hamada ya yi mata hidima. Bai taɓa saɓawa ba har furfura ta cinye kansa. Sai bara gwiwar hagu ta ce ta gaji. Ya zube a tsakiyar fili ganguna na tashi, aka kinkime shi kamar buhun albasa.

A ƙungiyarsu kuwa ba a zaman kashe wando. Ko rawa, ko kiɗa, ko wani aiki, in ba haka ba ka koma cikin 'yan kallo. Floridor ya fi tsoron wannan fiye da kabari, don a ganinsa ɗan kallo bai cika bakance ba. Shi ya sa da madugun ƙungiya, Wilfredo, ya nemi wanda zai riga kowa tafiya ya kafa sansani, shi ya fara ɗaga hannu.

"Baba Floro, aikin nan fa ba wasa ba ne," in ji Wilfredo, wanda a hannun Floridor ɗin ya koyi rawa. "Tantin girki, na kwana, ga na ajiye kayan rawa. In ya fi ƙarfinka ka faɗa, mu ba samari."

"Samarin da ko igiyar takalminsu ba su iya ɗaurewa ba? Ni da na ɗaure jirgi cikin guguwa!"

Cika baki ne kawai. Tun a bayan motar kayan da ta kai shi ya fara nadama. Direba ya taya shi tsayar da ƙarafan tantuna, ya juya. Ƙasar wurin gishiri ce, ta fi kankare tauri, ka buga rodi ya lanƙwashe yana kallonka. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ko shayi ya zauna sha, sai ya miƙe ya je ya girgiza wani turke ya ji ko ya kafu.

Ranar da ƙungiya za ta iso, da sassafe ya ɗora tamfol, ya ɗaure shi da ƙullin masunta. Ya buɗe ƙofofin duka suna kallon yamma, wajen teku. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba, ai a Pisagua ko akurkin kaji teku yake kallo. Duk shekarun nan kuwa a bas yake zuwa ya tarar da sansani a kafe, bai taɓa lura da inda ƙofa ta dosa ba. Mai rawa ƙafarsa kawai ya sani.

Doña Nolberta, mai girkin ƙungiyar garin Calama da ke maƙwabtaka da su, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Maƙwabci, wa kake jira daga can? Kifi?"

"Mutumin Pisagua ba ya ba teku baya, Doña."

"To madalla. Tekun naka zai aiko maka da gaisuwa da la'asar. Dubi tantunan mutane mana, bawan Allah!"

Ya duba. Ko ina ƙofa gabas take kallo, sai nasa. Nan ya tuna da iskar wurin. Kullum in rana ta karkata sai iskar ta taso daga wajen teku, sau nawa ta cika masa ido da ƙasa yana rawa. Juya tantunan na nufin tumɓuke duk rodin da ya kafa da jininsa, ga bas ɗin ƙungiya a hanya.

"In kira maka maza su taya ka?" ta tambaya, wannan karon ba tsokana.

Da ya ce to, da labarin ya ƙare a nan. Amma ya hango maganar tana yawo: 'yan Calama ne suka kafa wa Floro sansani. Ya ce a'a, ya gode. Ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana ninkawa, bakinsa na addu'a, idonsa na kan ganyen itatuwa.

Ganyen ya motsa. Iska ta shiga ta ƙofa, ba ta sami mafita ba, tamfol ya kumbura. A yi masa adalci, ƙulli ko ɗaya bai kwance ba. Rodin ne ya tumɓuke. Tantin girki ya tashi da ƙarafansa, na kwana ya bi bayansa. Floridor ya cafki igiya, ta ja shi a ƙasa a kan gwiwar nan, ya ƙi saki.

A haka bas ya same shi.

Wilfredo bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa riga, ya zare gudumar da ke ƙugunsa a hankali ya miƙa wa wani saurayi. Kafin ka ce kwabo maza da mata sun bazu suna janyo tamfol, ana ihu ana dariya. Floridor ya ɗingisa ya nufi igiya.

"A'a, Baba, bar shi, mun iya," wata mai rawa ta ce, tana naɗe hannun riga. Ta rataya masa jakarta a kafaɗa. "Riƙe mana wannan dai."

Sauran matan suka gani, kowace ta kawo tata.