Dattijo Mai Farautar Gurnani

A rumfar kayan gyaran rediyo na tarar da shi: dattijo, tabarau ɗaure da zare, yatsu duk tabon ƙuna. Yana tona kwandon matattun rediyoyi, a hammatarsa akwai 'yar na'urar da yake haɗawa cikin gwangwani, irin wadda mai kaɗa jita ke takawa da ƙafa don sautin jitar ya shaƙe ya yi gurnani.

"Baba, ga sabbin kaya a leda," in ji mai rumfa.

"Sabbi sun cika ladabi, ɗana. Jikata ta ce jitarta ta faye sanyin murya. Gurnani take so, kuma gobe take wasa."

Ina jin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana korar gurnani daga rediyon mutane. Yau ga shi durƙushe, yana lallashinsa ya dawo.