Waliyyu Ɗinkin Duniya

Waliyyu ɗan Malam Ya'ƙub na Sabiyal ta ƙasar Aliero yana sakandare a Jega ya gano cewa duniya na buƙatarsa. Wasu fararen motoci ne suka tsaya a bakin kasuwa, na ciki suka sauke gilashi don sayen tsire, sanyin motar ya bugi fuskarsa. Da ya tambaya aka ce masa ma'aikatan agaji ne. Nan take tausayin talakawa ya kama shi.

Mahaifinsa manomin albasa ne, mahaifiyarsa Inna Humaira kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Maiyama. Da Fulatanci ta raine shi, amma da ya shiga jami'a ya karanci kimiyyar siyasa sai harshen ya fara yi masa nauyi. In ta yi masa magana a gaban abokansa da Hausa yake amsawa, ya ɗan yayyafa Turanci don a san an yi nisa.

Da ya gama bautar ƙasa ya dawo gida ya duƙufa a kan waya. Ya nemi aikin wanzar da zaman lafiya a Sudan ta Kudu, ya nemi na agaji a Maiduguri, har Kwango bai bari ba. Ko'ina amsar ɗaya ce, sai mai ƙwarewa. Ya sauko ya nemi aikin sa kai don ya samu ƙwarewar, aka ce shi ma sai mai ƙwarewa. Bai karaya ba. Ya sa wani tela a Jega ya ɗinka masa falmaran mai aljihuna ta ko'ina, irin ta ma'aikatan, yana yawo da ita ko a zafin bazara. Matasan Aliero suka raɗa masa Ɗinkin Duniya, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Shekarar da ruwa ya ci gonakin fadama, yayansa Mubarak da sauran maza sun wuni cikin taɓo suna kwashe kayan maƙwabta. Waliyyu na kan tudu yana neman sabis, domin ranar ce zai kammala wani darasi na intanet kan yadda ake taimakon waɗanda ambaliya ta shafa. Ya kuma ci da maki mai kyau.

Ana haka wata ƙungiya daga Abuja ta zo sasanta manoma da makiyaya a Maiyama, tana neman ɗan sa kai. Waliyyu ya haddace jawabi mai tsawo kan tarihin rikice-rikicen duniya. Shugabar tawagar, wata Madam da ba ta jin Hausa, ta katse shi tun a gaisuwa.

"Kana jin Fulatanci?" ta tambaye shi da Turanci.

"Harshen uwata ne," in ji Waliyyu, har da dafa ƙirji.

Aka ɗauke shi tafinta.

An yi zaman a wata makarantar firamare. Rigimar kan burtali ce: manoma sun shuka gero a hanyar shanu, shanu kuma sun bi hanyarsu sun ci geron. Sarkin Noma Yari ya zauna da mutanensa a dama. A hagu kuwa Ardo Tamu ne, ƙanin Inna Humaira, wanda Waliyyu ya daɗe bai taka rugarsa ba. Kowa a ɗakin yana jin Hausa in ban da Madam, amma ba wanda ya ga dalilin ɓata mata shiri. Ardo da ya ga an kawo masa tafinta, kuma ɗan 'yar'uwarsa, sai ya gyara zama ya ƙi furta ko kalma ɗaya ta Hausa.

Ya ce da Fulatanci, waɗannan mutane in aka ƙyale su har kan kwalta za su shuka gero, kuma cin burtali gado ne a gidan Yari, tun daga kakansa.

Waliyyu ya miƙe don fassara. Ya dubi samarin da ke bayan Yari, ya dubi sandunan da aka jingine a bakin ƙofa.

"Ardo yana yi wa manoma sannu da aiki," ya ce. "Ya ce gidan Sarkin Noma gida ne mai tarihi."

Ya juya ya faɗa wa Madam abin da ya fi wannan daɗi. Ta gyaɗa kai tana murmushi.

Ardo ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce da Hausa, "Ɗan Humaira, yaushe nic ce haka? Cewa niy yi kakanai ɓarawon burtali na."

Yari ne ya fara dariya, har rawaninsa ya karkace.

"Ƙyale yaro, Ardo. Mun ji ka tun farko, da Hillancin nan munka tashi. Amma wanga ɗa naku ya iya ƙarya mai sanyi."

"Boko ta," in ji Ardo. "Mu ba haka munka ba da shi ba."

Tsofaffin biyu suka haɗu a kan Waliyyu, wannan ya ɗauka wancan ya sauke. Da aka fita sallar Azahar ba su koma ɗakin ba. Suka zauna a gindin tsamiya, suka shirya cewa washegari za a bi burtalin da ƙafa a kafa duwatsu. Madam na ciki da takardu masu launi tana jiran a raba mutane rukuni-rukuni.

Rahoton ƙungiyar ya ce bitar ta yi gagarumar nasara. An sa hoton Waliyyu a ciki, a ƙasa aka rubuta, "wani matashin makiyayi." Ya yi kwanaki bai fita majalisa ba.

Ƙungiyar ta tattara ta koma, amma labarin ya riga ya zaga. In shanu suka shiga gona a Kimba, ko aka yi cacar baki a kan mashaya, sai wani ya ce a kira maƙaryacin nan na Sabiyal. Yakan hau babur ɗin Mubarak ya je, ya saurari zagin wannan, ya kai wa wancan a wanke. Kowa ya san abin da yake yi, kuma da yawa sun fi son haka. Ladansa nono ne, wani lokaci zabo. Da rani yana ban ruwan albasa tare da yayansa, yana cewa na wucin gadi ne.

Kwanan baya a Jandutsi yana tsakiyar sasanci wani bijimi ya tsinke igiya ya yo kansa. Waliyyu ya ɗare bishiyar aduwa, ƙaya da komai. Mai gona da mai shanu, waɗanda tun safe ba su dubi juna ba, suka haɗu suka kama bijimin, suka ɗauko tsani suka sauko da shi. Yana zaune ana cire masa ƙaya ya bayyana musu cewa da gangan ya yi, dabara ce da ake koyarwa a ƙasashen waje. Mai gonar ya ce madalla, ya ce masa ya juya ya miƙo ɗaya ƙafar a cire sauran ƙayar.