Kyanwar da Kawu Bukar Ya Bari

Duk wanda Kawu Bukar ya taɓa shiga gidansa ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya gama da dabbar gidan. Zai yi sallama, ka amsa, ka miƙa hannu, sai ka ga hannun naka a iska, shi kuwa ya riga ya durƙusa da babbar rigarsa yana shafa bayan kyanwarka daga jela zuwa wuya, yana buɗa gashin yana leƙa fata. Wani lokaci har ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Me ta ci jiya?" Babu ina kwana, babu ya iyali. In amsarka ta yi masa, zai gaishe ka har ya tambayi lafiyar surukanka. In ba ta yi ba, nemi wurin zama kawai, don ranar ka shiga aji.

Ni ce Hauwa, ɗiyar ƙanwarsa. A gidansa na unguwar Gomari na girma, kuma tun da ya rasu na dawo ina taya matarsa Ya Falmata zaman takaba. Ku da kuka zo gaisuwa kun ga kyanwarsa Farfesa a tsakar gida, har wasunku suka ja ni gefe suna tambaya ko wuta ce ta ƙone ta. Ba wuta ba ce. Tun satin da aka kai shi makwancinsa gashinta ya fara tafiya, ciki da cinyoyi suka koma fata zalla. Ranar da za a fita da shi asibiti, ana riƙe da shi a ƙofa, ya juyo ya ce mini, "Hauwa, ga Farfesa nan, amana." Bai ce ga gida ba, bai ce ga mota ba. To mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana binciken abin da abinci ke yi wa fatar kare da kyanwa, a ce tasa kyanwar ce ta koɗe a hannuna? Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Sunan ma da dalilinsa. Kawu ya koyar da likitancin dabbobi har ya yi ritaya bai kai kujerar farfesa ba. Da ya tsinci 'yar kyanwar a kasuwar kifi, tsirara kamar kazar da aka fige, sai ya raɗa mata sunan. Ya ce shi ma yana so ya samu farfesa ɗaya a duniya da zai ce wa "sauka daga kan teburin nan" kuma ya sauka. Ita ma ɗin ba ta sauka.

Kun tuna neman auren yayana Modu a Abbaganaram? Mu mata ba mu je ba, Baba Kyari ƙanin mahaifinmu ne ya kawo mana labari yana share hawayen dariya. Kawu ne wakilin ango. An shimfiɗa darduma, an ajiye goro da alewa, ya gyara murya ya fara, "Mun zo ne neman iri a wannan gida mai albarka," sai ga wata kyanwa ta ratsa tsakiyar mutane, kunnuwanta duk ɓawo. Magana ta tsaya cak.

"Alhaji, wannan ta gidan nan ce?"

Uban yarinya ya ce, "Eh, ta gida ce."

"Me ta ci jiya?"

"Abin da muka ci mana, Dokta. Biskin gero da miya."

"Da albasa a miyar?"

Wace miya ce babu albasa? Nan Kawu ya shiga yi wa dattawan unguwa bayanin yadda albasa ke lalata jinin kyanwa, da yadda hatsi zalla ke busar mata da fata, Baba Kyari yana taka masa ƙafa yana ce masa da Kanuri ya dawo kan abin da ya kawo su. An dai ba mu yarinyar. Amma Kawu da kyanwar ya dawo gida, a cikin kwandon da aka kai goro.

Karnuka kuwa, Ya Falmata ta kafa masa doka tun suna da ƙuruciya: rigar da ya taɓa kare da ita ba ta tsallake zaure. Don haka yana da wata tsohuwar shuɗiyar riga da ke rataye a jikin darbejiyar ƙofar gida, rani da damina, duk unguwa ana ce mata rigar karnuka. Ko ɓarawo bai taɓa kallonta ba. Wata rana Emeka mai sayar da kayan gyaran mota ya kawo karen da ke gadin shagonsa, an shafe shi da baƙin mai tun daga kai har ƙafa, wai maganin kirci ne. Kawu ya zagaya karen, ya dubi Emeka.

"Emeka, injin ne wannan?"

"Dokta, haka kowa yake yi a kasuwa."

"To ka sa masa batir ma ya tashi."

Da kansa ya wanke karen nan tas, ya yi masa allura, ya ce kullum a ba shi kan kifi da dafaffen ƙwai. Emeka ya riƙe baki ya ce, "Kare ya ci ƙwai, ni in sha garin kwaki?" Amma ya yi. Kafin damina ta fita kare yana sheƙi, har mutane na tambayar ko daga waje aka kawo shi. Sai ga Emeka ya dawo shi kaɗai, ya cire hula, ya sunkuyar da sanƙonsa ya ce ko kifin zai yi masa aiki shi ma. Kawu bai yi dariya ba. Ya sa tabarau, ya shafa kan daga ƙeya zuwa goshi yadda yake yi wa kowace dabba, ya ce, "Kai naka na gado ne, mayar da hularka."

Abin da ba zan manta ba shi ne binciken da ya yi a bayan gida bayan ritaya. Ya tattaro kyanwoyin unguwa marasa iyayen gida, ya raba fili biyu da waya. Na ɓangare ɗaya ya ɗaura musu jan zare, suna cin kifi banda da ƙwai. Na ɗaya ɓangaren baƙin zare, su kuma ragowar tuwo da dusar shinkafar da yake sayowa daga Zabarmari, irin abin da yawancin gidaje ke zuba wa kyanwa. So yake ya nuna wa mutane bambancin da idonsu. Aka yi watanni, sai ga masu jan zare suna ƙyalli, masu baƙin zare ma suna ƙyalli, har wasu sun fi ƙiba. Kawu ya daina cin abinci. Ya zauna a tabarma ya rafka tagumi yana cewa, "Ashe duk shekarun nan shirme nake koya wa 'ya'yan mutane."

Da Ya Falmata ta ga zai kwanta ciwo, sai ta ajiye masa kwano a gaba ta ce, "Malam, ci abincinka. Ni nake ba masu baƙin zaren kifi in ka tafi masallaci."

"Falmata, kin kashe mini bincike."

"Su ga 'yan'uwansu na cin kifi ta cikin waya suna kuka, ni kuma ina ji? Gobe ƙiyama ni za a tambaya, ba bincike ba."

Ya kalle ta, sannan ya jawo kwanon. Har da neman ƙari, don ya gane ashe kifin nasa ne ya yi aiki a ɓangarorin biyu.

Shi ya sa da Farfesa ta fara koɗewa ban yi tunanin komai ba sai abinci. Na canja mata kifi, na ƙara ƙwai, na cire gishiri, na hana kowa jefa mata ko loma ɗaya. Tana ci sarai, gashi kuma yana ta tafiya. Ni da ban taɓa son kyanwa ba, sai ga ni durƙushe ina roƙonta kamar mai bin surukuwa. Da na gaji na kira Dokta Yagana, tsohuwar ɗalibarsa. Ta zo ta kankari fatar kaɗan, ta tafi da ita ta duba, washegari ta dawo ta ce babu ƙuma, babu kirci, babu makero, abincin ma ya fi na gidanta kyau. Ta kama hannuna ta ɗora a cikin kyanwar.

"Shafa ki ji. Kamar an yi aski ko? Ba zuba yake ba, ita ce take lashe shi har ya karye. Suna yin haka in hankalinsu ya tashi. Da wane lokaci ta fi yi?"

Ban sani ba, don da yamma ina makarantar da nake koyarwa. Sai muka ji muryar Ya Falmata daga bakin ƙofar ɗakinta.

"Bayan la'asar ne. Lokacin da yake taje ta."

Ashe tun da na yi aure na bar gidan, kullum in ya dawo daga sallar la'asar sai ya zauna a gindin bango, ya ɗora Farfesa a cinya, ya taje ta da matajin gemunsa yana ba ta labarin tsadar kifi da wanda ya ɓata masa rai a masallaci. In ya gama da ita ya taje gemun da shi, ko kakkaɓewa babu. Ya Falmata ta ce babu irin faɗan da ba su yi ba a kan ƙazantar nan.

Na sayo sabon mataji na gwada. Farfesa ta shinshina shi, ta yage mini bayan hannu, ta haye katanga. Ya Falmata da ke kallona ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga matashin kanta, ta fito da nasa matajin, wanda haƙoransa suka kakkarye, har da 'yan silin furfura a jiki. Ban san ta ajiye shi ba. Ta zauna a gindin bangon nan cikin mayafin takaba, ba ta kira kyanwar ba. An jima Farfesa ta sauko da kanta, ta zagaya, ta hau cinyarta.

Yanzu haka suke yi kullum. Ina sauri in dawo daga makaranta don in same su, in tsaya a zaure kada su ji ni. Tana tajewa tana magana ƙasa-ƙasa, kuma na san ba da kyanwa take ba. Ni ma a nan nake yin nawa kukan, don ina kewarsa, ina kewar surutunsa da ya ishe ni lokacin yana raye.

Shekaranjiya na duba cikin Farfesa na ga wani lallausan gashi ya fara tsirowa, irin na kan jariri. Na ce, "Ya Falmata, kin gani? Gashi yana dawowa."

Ba ta daina tajewa ba. Ta ce, "Na gani, Hauwa. Ita nata yana dawowa."

Allah ka jiƙan Kawu Bukar. Ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa marasa bakin magana, ka sanyaya makwancinsa, ka sanyaya zuciyar wadda ya bari. Amin.